Tsohuwar laftof da Windows 10: a sake wata ko a koma Linux?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Sai dai ta zama gidan da aka daina yi wa yaɓe: duk ɓarakar da ta ɓulla, nan za ta zauna tana jiran ɓarawo. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa. Tana son wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in kwamfutar mai Intel ce, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Yawancin laftof na hannu da ke yawo a Katsina, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, zubi na 6 ne. Lafiyarsu lau, amma an rufe musu ƙofa.

Hanya mafi sauƙin faɗa ita ce a ƙara kuɗi a sayi wadda za ta ɗauki Windows 11. Mai hali ya yi. Ta biyu ita ce wadda masu gyara suka fi so: su tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11 da ƙarfi, sau da yawa ma wadda ba ta da lasisi, don ta gaskiya dala 139 ce a shagon Microsoft. Tana aiki, amma kamfanin ya faɗa cewa bai yi wa irin wannan alkawarin gyara ba. Ta uku ita ce a sauya babbar manhajar gaba ɗaya zuwa Linux.

Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991, kuma buɗaɗɗiya ce: kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wani, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ginshiƙinta aka gina ta. Abin da ke rikita baƙo shi ne ba iri ɗaya ba ce, kamar dai shinkafa a Babbar Kasuwa, kowa da buhun da yake yabo.

Ubuntu ta fi suna. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa ta a 2004, sunan kuma yana nufin mutuntaka. Duk shekara biyu a watan Afrilu sukan fitar da zubi mai dogon zango da ake kula da shi shekara biyar kyauta. In ka maƙale, amsar matsalarka tana nan a intanet. Aibinta biyu: fuskarta ba ta kama da Windows, kuma tana da ɗan nauyi ga kwamfuta mai ram (ma'adanar da take riƙe aikin da ke gudana) giga 4. Zorin OS ta ƙasar Ayalan ta yi kwalliya don ta yi kama da Windows, akwai ta kyauta akwai ta kuɗi, ta kyautar ta isa. Lubuntu kuma ta tsofaffin da suka ga jiya suka ga yau ce, ba kyan gani, amma ba ta nishi.

Ni dai in aka tambaye ni, Linux Mint nake cewa. A kan Ubuntu aka gina ta, don haka duk maganin da ya yi wa waccan yakan yi mata. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, inda hannu ya saba. Zubi na 22 ana kula da shi har 2029. Mai ram giga 8 ya ɗauki nau'in Cinnamon, mai giga 4 ya ɗauki Xfce. Tana zuwa da Firefox ta shiga intanet da LibreOffice ta rubuce-rubuce a ciki, kuma ba ta sabunta kanta sai ka ce ta yi, wanda duk mai sayen data da guminsa ya san darajar wannan.

Amma kafin a zo zaɓen iri, akwai tambayar da ta fi muhimmanci: da me kake cin abinci? Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ya kawo mini tasa tana rarrafe, na tambaye shi me yake yi da ita. Ya ce, "Kawu, rubutun furojet ne kawai, sai karanta takardu da kallon darasi." Irinsa ba abin da zai rasa. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma ajiye su a irin tsarin. Inda muka sha wuya shi ne shafuka: ya kai babi na biyu shagon buga takardu, teburin da ke shafi na 14 ya zame zuwa na 15, jerin abin da ke ciki ya daina dacewa. Sai da muka saka haruffan Times New Roman na asali, ya kuma koyi mayar da aikinsa PDF kafin ya fita da shi, sannan rigimar ta kwanta. Baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, akwai tsarin madannin Hausa a cikin saituna, sai dai yatsa ya ɗauki kwana biyu kafin ya san mazauninsu.

Mai shagon zanen katin biki da fastocin siyasa kuwa, wanda CorelDRAW ce jarinsa, kada ya taɓa. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP, kyawawa ne, amma ranar da abokin ciniki ya turo tsohon aikinsa yana son gyara kafin la'asar, ba lokacin koyon sabon hannu ba ne. Haka mai aikin rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, don yawancin manhajojin nan ba a yi su da Linux a rai ba. Wannan ya lallaɓa ya sayi mai Windows 11 ta gaskiya, ko ya ajiye duka biyun a kwamfuta ɗaya, yana zaɓa lokacin kunnawa.

Abin da na fi so game da Linux shi ne ana ɗanɗana ta kafin a ɗauka. Ka sauke Mint, kusan giga 3 ce, gara da dare ko inda ake da Wi-Fi. Ka zuba ta a filash mai giga 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa komai naka ba. A nan za ka gwada Wi-Fi, da sauti, da kyamara, ka jona firintarka ka buga shafi ɗaya. Firintocin HP galibi ba sa gardama, wasu tsofaffin na sauran kamfanoni sai an yi da gaske. Mai sayen laftof na hannu ma ya tafi da filash ɗin a aljihu, ya ce wa mai shago, "Alhaji, bari in gwada ta da wannan tukuna." Minti goma ne.

In komai ya yi, kafin ka girka ta a kwamfutar ka kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri daban, ka buɗe su a can ka tabbata sun kwafu, don zaɓin goge faifai gaba ɗaya ba ya da "na tuba". Ka jona caja, kuma kada ka fara da batir rabi kana dogaro da wuta.

Kuɗin da za ka kashe ba na manhaja ba ne. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka sauya shi da SSD, ma'adana mai sauri da ba ta juyawa, ko mai giga 256 ne, ka sa mai gyara ya busa ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Ta ɗan yayata da muka yi wa haka, kafin ya gama zuba shayi ta riga ta buɗe.