Gwajin asali da yawun Goggo: abin da ya yi min da abin da ya kasa

Tun muna yara ake gaya mana cewa gidanmu rabi ne, ɗaya rabin yana gabas. Kakan mahaifina da ƙanensa suna cikin jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli, Sarkin Musulmi ya yi shahada, sai wan ya tsaya a ƙasar Gombe da rauni a cinya, ƙanen ya wuce tare da ɗan sarki, Muhammad Bello Mai Wurno. Daga nan labari ya yanke. Abin da ya rage mana layi biyu ne na ajami a bayan wani tsohon Alƙur'ani da ke cikin gafaka: sunayen 'yan'uwan biyu, sunan mahaifinsu, da kalmar “ya yi gabas”.

Wannan ya sa na sayi gwajin DNA, wato na gano asali da dangi ta ƙwayoyin halitta, na wani kamfanin Amurka, guda biyu, kowane kusan dala 100. A lokacin ba sa aikowa Najeriya, sai da wani abokina ya zo da su, ya kuma koma da su. Aikin ba wuya: a tofa yawu a 'yar kwalba, a rufe, a yi rajistar lambar a intanet. Ɗaya ni na yi, ɗaya na kai wa Goggo, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Sai da ta yi min kallon tsaf ta ce, “Kai ɗan nan, yanzu yawuna ne zai nemo mana mutanen gabas?” Sakamako ya fito bayan mako bakwai.

Shafin farko, wanda suke tallarsa, bai ƙare ni da komai ba. An ce kashi mafi yawa Najeriya, wani kashi Mali, ɗan kaɗan Arewacin Afirka. Ai wannan ba labari ba ne ga wanda ya san Fulani da Hausawa sun fi ƙarni biyu suna auratayya. Kuma Najeriyar da suke nufi ta haɗa Bayarabe da Bahaushe da Babarbare a ƙwarya ɗaya. Wanda yake son a ce masa shi Bagobiri ne ko Basullube, ya riƙe kuɗinsa.

Wurin zana salsala ma an gina shi ne a kan al'adar da gida ke riƙe suna ɗaya har jikoki. Mu kuwa kowa sunan ubansa yake ɗauka, wasu sunan gari suka samu a makarantar boko, mata kuma da laƙabi aka san su. Akwatin ranar haihuwa na bar shi fayau, na rubuta a gefe cewa an haifi wane shekarar fari, wance zamanin Sarki kaza. Takardun da suke bincikowa, na ƙidaya da na coci da na jiragen ruwa, babu namu a ciki ko ɗaya.

Inda kuɗina suka fito shi ne jerin mutanen da jininku ya haɗu. Yawancinsu baƙaƙen fata ne na Amurka masu dangantaka ta nesa, kuma ganinsu kaɗai ya sanyaya min jiki, don na san hanyar da ta kai kakanninsu can. Amma a saman jerin Goggo akwai wata mata mazauniyar Ingila, mai kusanci sosai. A nawa jerin tana can ƙasa, da ƙyar zan lura da ita. Shi ya sa nake cewa duk mai niyya ya fara da mafi tsufa a gida, domin rabon da ake gada yana raguwa daga uba zuwa ɗa. A kuma yi hattara da matakin dangantakar da na'ura ke ƙiyastawa: auren zumunci yana sa ta ga kusanci fiye da yadda yake.

Na rubuta wa matar ta Ingila, ta amsa bayan kwana tara. An haifi mahaifinta a Mai Wurno, garin da masu hijira suka kafa a bakin Nilu kusa da Sennar a ƙasar Sudan, danginsu kuma sun yi noman auduga a Gezira bayan an buɗe aikin noman ranin can a 1925. Ban gaya mata sunayen da ke gafaka ba, na ce ta tambayi tsofaffinsu tukuna. Gwaggonta ta kawo sunan ƙanen, da na mahaifinsa, ta ƙara da cewa ya rasu yana ambaton wansa da ya bari a Burmi. Yawu ya nuna mana ƙofa, amma bakin tsofaffi da layin ajamin nan su suka tabbatar.

Gargaɗi ɗaya: gwajin na iya tono abin da gida ya rufe, kuma bayanan jininka suna hannun kamfani. Na nemi izinin Goggo da na baffannina kafin na aika, na kuma ɓoye cikakken sunanta a shafin.

Ranar Juma'a muka haɗa Goggo da gwaggon matar ta WhatsApp. Waccan tana Gadarif, inda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kore su. Hausarta cakuɗe take da Larabci, amma suna jin juna sarai. Goggo ta ce, “'Yar'uwa, ashe kuna nan?” Ta ce, “Muna nan, Yaya, mu ma an ce mana kuna yamma.” Sun fi awa guda suna lissafa matattu da masu rai, ni kuma ina gefe da biro ina rubutawa.