Wata takwas da sabon gilashin 85, amma tsohon bai bar jakata ba

Sana'ata ɗaukar hoton biki a Kano da kewaye, kuma duk ɗan sana'ar nan ya san gilashin kyamara mai milimita 85 shi ne tukunyar abincinmu. Da shi ake ɗaukar amarya ita kaɗai, daga ƙirji zuwa ɗaurin kai, bayanta ya narke har ba a gane kujerun roba da buhunan ruwan da aka jibge a lungu. Nawa tsoho ne, Canon EF 85mm f/1.8 USM, samfurin da aka fara fitarwa tun 1992. Na hannu na saye shi, fentin bakinsa ma ya soma gogewa, na kuma yi shekaru ina aiki da shi a kan kyamarata mai madubi, Canon 5D Mark III.

Da na koma kyamara marar madubi, wato EOS R6, sai abokan aiki suka sa ni gaba: tunda ka sayi sabon doki, sai ka saya masa sabon sirdi. Na ja lokaci ina kaucewa, daga baya na karaya na sayi RF 85mm f/2 Macro IS STM, wanda ya fito a 2020. Yau wata takwas ke nan ina ɗaukar su biyun zuwa aiki.

Sai na fara da abin da ban zata ba, wanda kuma bai shafi sabon gilashin ba sam. Ranar da na ɗaura tsohon a kan R6 ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara, sai ya zama kamar an canja min shi. A kan 5D, idan na buɗe ƙofar shigar haskensa gaba ɗaya zuwa f/1.8 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), cikin hotuna goma ba a rasa biyu ko uku da saitin ya sauka a kan hanci ko ɗan kunne maimakon ido. Shekara da shekaru ina ɗora wa gilashin laifi, ina cewa tsufa ne. Ashe yanayin ginin kyamara mai madubi ne: na'urar da ke auna saiti daban take, tana ƙasan madubin, farantin da ke karɓar hoton kuma yana can baya, to da an sami ɗan saɓani tsakaninsu, ko da bai kai kaurin gashi ba, sai hoto ya kauce. Marar madubi kuwa a kan farantin kansa take aunawa, ga shi tana bin ƙwayar idon mutum duk inda ya juya. Ƙari a kan haka, R6 tana da na'urar hana girgiza a cikin jikinta, don haka gilashin da aka ƙera ba tare da ita ba ya samu a ɓagas.

Adaftar ba wani siddabaru ba ce. Babu gilashi ko ɗaya a cikinta, zobe ne da wayoyin sadarwa. Tsarin ɗaura gilashi na EF, na 1987, wanda tsohon ke kai, ya bar tazarar milimita 44 tsakanin gindin gilashi da farantin hoto, saboda madubi ya sami wurin ɗagawa. Tsarin RF na 2018, wanda R6 ke kai, ya rage ta zuwa 20. Adaftar cike giɓin milimita 24 ɗin nan kawai take yi. Saboda haka maganar da ake yawo da ita a kasuwa, wai adafta tana rage kyan hoto, ni ban gan ta a aikina ba, kuma ban ga ta inda za ta faru ba.

To sabon fa? Kaifinsa ba wasa. Tun daga f/2 yana fitar da zaren leshi ɗaya bayan ɗaya, har gefen hoto, inda tsohon sai na rufe shi zuwa f/2.8 kafin ya kamo shi. Akwai kuma wata tsohuwar cuta da duk mai EF 85 ya sani: idan haske mai ƙarfi ya bugi abu mai sheƙi, sai wani layi na shunayya ya kewaye gefensa. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bikinmu gaba ɗaya sheƙi ne. Farar shadda a rana ranar ɗaurin aure, duwatsun da ke jikin rigar amarya, sarƙar gwal, aikin azurfa a hular ango. Na sha zama a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ina goge wannan layi hoto bayan hoto. A sabon gilashin da kyar nake ganinsa.

Inda ya ci kuɗinsa da gaske shi ne ranar lalle. Tsohon ba ya kama saiti idan ka matso ƙasa da santimita 85. Sabon yana matsowa har santimita 35, yana kuma ɗaukar abu a rabin girmansa na zahiri. Zanen lalle a bayan hannu, zobe, ɗinkin bakin mayafi, kwalaben humra da turaren wuta da aka jera a kan tire, duk waɗannan da sai na ɗauka daga nesa in yanko su a kwamfuta. Yanzu kai tsaye nake ɗauka, kuma masu lalle da masu kwalliya sun fara neman hotunan don tallar aikinsu a Instagram. Wata hanyar samu ce da ban sa ta a lissafi ba.

Sai dai kaifin nan takobi ne, yana yankan mai shi. Fuskar amarya ta sha hoda tun azahar, ga zafin Kano, ga fitilun ɗakin taro. Sabon gilashin ba ya rufa wa kowa asiri: inda hoda ta tsage a gefen hanci, ƙurjin da aka binne, gam ɗin gashin ido, duk sai ya tona. Tsohon a f/1.8 yana da wani laushi, ido ya fito tar amma fata ta kwanta. Lokacin da na rage a goge layin shunayya, na mayar da shi wajen gyaran fata. Wata mai kwalliya da muke yawan haɗuwa a wurin aiki ta leƙa bayan kyamarata wata rana, ta ce, "Malam, wannan abin naka na yau ba ya son mutane. Ina na da?" Dariya na yi, amma na canja.

Magana mafi nauyi a wurina ita ce sauri. Tsohon yana da inji mai zobe, kuma sassan ciki kawai yake motsawa, tsawonsa ba ya canjawa. Taɓa maɓalli ke da wuya ya kama, shiru, ba ƙara. Sabon an gina shi ne don ya iya matsowa kusa, saboda haka tafiyar saitinsa doguwa ce, hancinsa yana fitowa yana komawa, kana jin ɗan kukansa. Idan mutum yana zaune ko yana tsaye, lafiya lau. Idan ana shigowa da amarya wurin kamu, ƙawaye sun kewaye ta, hannuwa suna gittawa ana liƙi, fitila ja da shuɗiya suna juyawa, to nan ne ake gane bambanci. Da ya saki fuska sai ya tafi neman ta tun daga kusa, kafin ya dawo an wuce wurin.

A makon farko na rasa shigowar wata amarya kusan gaba ɗaya, kuma laifina ne. A jikin gilashin akwai ɗan makunni mai mataki uku da ke taƙaita nisan da zai nema, ni kuma na bar shi a buɗe duka tun daga hotunan lalle na safe. Da na koyi mayar da shi kan rabin mita zuwa nesa, abin ya yi sauƙi sosai. Duk da haka bai kamo tsohon ba. A hawan Daushe na bana ban ma yi tunanin fito da shi ba. Doki a guje ba ya jiran kowa.

Batun nauyi, wanda aka fi yi mana talla da shi, ban ga komai a ciki ba. Tsohon giram 425 ne, adafta ta ƙara masa kamar 110. Sabon 500. A wuyan mutumin da ya yini a tsaye, wannan bambanci ba ya ko jin kansa. Bambancin f/1.8 da f/2 ma kashi ɗaya ne cikin uku na mataki guda na haske, ba abin da zai hana ka barci. Dukansu biyu ba a yi musu kariyar ƙura da ruwa ba, amma a hunturu hankalina ya fi kwanciya da wanda ba ya zuƙewa yana fitowa. Kuma ka shirya sayen sabuwar matatar kariya ta gaba, domin bakin tsohon milimita 58 ne, na sabon 67.

Wani abu da hannuna bai saba da shi ba har yanzu: zoben saitin sabon ba a haɗe yake da gilasan ciki ba, saƙo yake aika wa inji. Idan kyamara a kashe take, ko ka murza shi har gobe ba abin da zai motsa. Masu bidiyo na san suna son santsinsa, da na'urar hana girgizar da ke cikinsa. Ni mai hoto ne, na fi son in ji abu yana amsa min a yatsa.

Yaron da nake koya wa aiki ya tambaye ni kwanaki, "Oga, in na tara kuɗi wanne zan saya?" Na ce masa ya nemi tsohon na hannu mai lafiya, ya haska fitilar waya ta cikinsa ya duba ko akwai funfuna ko hazo, ya gwada saitinsa kusa da nesa, sannan ya sayi adafta ta asali, ba irin masu araha da ke girgiza a gindi ba. Ragowar kuɗin ya sa a fitila. Wanda kuma aikinsa ya fi karkata ga kayan talla, abinci, turare, atamfa, ko hoton ɗaki inda mutum ke zaune yana jiranka, sabon ya fi masa, ba na ko tantama.

Wani abokin sana'a ya taya tsohon nawa har sau biyu, ganin na sayi magajinsa. Na ce masa ba na sayarwa ba ne. Ranar Asabar ina da lalle da safe a Gwale, da dina da dare. Sabon zai yi aikin safe, da magariba in cire shi in ɗaura na 1992.