Hawan Hada ko gaɓar Shu'aiba: ina ɗalibi zai ja igiyarsa?

Ƙanena, ka ce a jami'a an ba ka zango ɗaya ka binciko yadda tsirrai da dabbobi ke sauyawa idan yanayin wuri ya sauya sannu a hankali, kuma kana tsakanin hawan Hada, dutsen da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'ifa, da bakin Bahar Maliya a Shu'aiba. Ga yadda nake ganin kowanne.

Hada ta fi ɗaukar ido. Makka tana kan tsayin mita 300 ko kusa da haka, Hada kuwa wajen 2,000, kuma zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. A ƙasa, ta Wadi Nu'uman, samur da sauran itatuwan ƙaya za ka tarar, da tumfafiya, da kurna a cikin kwari. Kana kaiwa sama sai ga ar'ar, wani itacen kan duwatsu mai kore duk shekara, da zaitun na daji. Ko daga tagar mota ana ganin wannan sauyi. Matsalar ita ce ba zafi kaɗai ke sauyawa ba. Ruwan sama ya ƙaru, hazo ya shigo, gangara ta yi tsanani, wani gefen dutse na shan rana wani na cikin inuwa, ga kiwon awaki. Ranar kare aiki idan dakta ya tambaye ka wanne daga ciki ya hana ar'ar saukowa, da wuya awonka ya ba ka amsa. Su kuma gwaggon birin da ke cika bakin titi, kada su ruɗe ka: abincin da matafiya ke jefa musu ne ya tara su, ba tsayin wurin ba. Wanda ya ƙirga su a can, halin mutane ya auna.

Shu'aiba ba ta da wannan kwarjini, ko da yake ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Jidda, kuma daga nan masu hijirar farko zuwa Habasha suka tashi. Amma abin da ke sauyawa a can kusan ɗaya ne: gishiri da damshin ƙasa. Bahar Maliya tana da gishiri kimanin giram 40 a lita, fiye da 35 na yawancin tekuna. Ka ja igiya daga bakin ruwa zuwa tudu, ka riƙa ajiye murabba'i, wato firam mai kusurwa huɗu da ake ƙirga abin da ke cikinsa, a tazara iri ɗaya. Za ka fara da itacen shura mai saiwoyi tsaye cikin laka, ka shiga tsirrai masu kaurin ganye da ke jure gishiri, ka fita ga ciyayin rairayi, duk a tafiyar ƙafa. A kowane murabba'i ka ɗebi ƙasa don awon gishiri, ka ƙirga ramukan ƙaguwa. Ramuka ba sa gudu idan ka matso, ga ɓangaren dabbobi ya samu ke nan. Igiya biyar a can sun fi guda ɗaya a dutse, domin maimaitawa ce ke ba lissafinka ƙarfi.

Ni dai ga mai zango ɗaya, Shu'aiba zan ce. Hada sai mai shekara guda, da mota, da abokin hawa.

Duk wanda ka zaɓa, ka fita da lokacin sanyi, bayan an samu ruwa, kuma takardar jami'a na aljihunka, musamman a gaɓar teku inda masu tsaron iyaka ke sintiri. In kuma zuciyarka ta nace sai dutse, kada ka soma ɗibar samfuri daga cikin gari: ba a cire tsiron da ya fito da kansa a cikin Harami, in ban da ciyawar izhir mai ƙamshi. Sai ka wuce alamun iyaka ta wajen Arfa kafin ka taɓa ko ganye ɗaya.