Sikana ta Bluetooth ko Launch CRP123 don fitilar eyabag ta gefen fasinja?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wace sikana za ka saya, wato na'urar da ake jonawa a mota ta karanto kod ɗin matsalarta. Tsakanin ɗan shuɗin abin nan na Bluetooth da ake cewa ELM327 da kuma Launch CRP123, tunda fitilar eyabag ce ta ƙi mutuwa a Corolla ɗinka, ka ɗauki Launch ɗin kawai, duka biyun ina da su a gida.

Shi ƙaramin na fara saya, mai shagon har rantsuwa ya yi min wai babu abin da ba ya gani a mota. Na jona shi da waya, ya ce min babu matsala, alhali fitila na nan jajir tana kallona. Kod ɗin inji yake karantawa, masu farawa da P, to shi kuma eyabag kwamfutarsa daban ce, SRS, kod ɗinta da B yake farawa. In fitilar inji ce ta dame ka zai yi maka aiki, iyakarsa ke nan. Yana cikin durowa yanzu tare da tsofaffin caja.

Launch ɗin kuwa ɓangare huɗu take shiga, inji, giya, ABS (na birki) da SRS, kuma ba ta buƙatar waya, soket ɗin ƙarƙashin sitiyari za ka cusa ta ka murɗa makulli. Tawa Corolla 2005 ce, wajen wata biyu ina yawo da fitilar nan, wani rewaya ya ce waya ce a cikin sitiyari ta tsinke a sayo sabuwa, wani ya ce a canza kwamfutar gaba ɗaya, kowa da hasashensa babu wanda ya duba. Ranar da sikanar ta iso ko cikin gida ban shiga ba, a ƙofar gida na jona ta, minti biyu ba a yi ba ta fito min da B0106, ma'ana layin eyabag ɗin fasinja a buɗe yake, wuta ba ta zagayawa. Nan take na tuna ashe kafin fitilar ta fara mai AC ya sauke min dashbod ya canza abin sanyi na ciki. Muka cire durowar gaban fasinja, sai ga soket ɗin rawaya na eyabag ya shiga rabi, makullinsa bai kama ba. Aka danna shi ya ce ƙas, na goge kod, fitila ta kama wajen sakan shida ta mutu kamar yadda ya kamata. Wallahi ko sisi ban kashe a kaya ba, da na bi ta rewayan farko da na sayi abin sitiyari a banza, ɓangaren direba ne ma shi, babu ruwansa da fasinja.

Amma fa sikana layi take nuna maka, ba za ta ce ga daidai inda waya ta tsinke ba, sai an bi da ido da hannu. Kuma kafin kowa ya taɓa soket mai launin rawaya a kashe mota, a cire kan batir na nagetif, a jira aƙalla sakan 90 saboda kwamfutar na riƙe sauran wuta. Kar ka yarda rewaya ya soka fitilar gwaji ko mita a wayar da ke shiga cikin eyabag ɗin kanta, 'yar wuta kaɗan na iya tayar da ita, ta fashe masa a fuska. In motarka ta baya-bayan nan ce kod ɗin zai iya zuwa B1806, abu ɗaya ne. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ma, a motocin da ke da soket a wurin yawan ja da tura kujera na sassauta shi.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, in motar 'yar Kwatano ce ko hannu na biyu ka saya, ka bincika ko eyabag ɗin ma na ciki. Wasu dillalan mota ta yi hatsari, eyabag ya fashe, sai su lallaɓe dashbod da gam, su liƙa resista, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki, mai om biyu da 'yan kai a soket don kwamfuta ta zaci komai lafiya. Wasu kuma baƙin tef suke mannawa a fitilar, ko su haɗa ta da ta man inji don su mutu tare. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da mota ba, fitilar eyabag dole ta kama ta mutu ita kaɗai, in ba ta kama ba sam ko sai inji ya tashi take mutuwa, an yi mata wasa. Duk wanda ya ce maka "kawo a sa resista fitila ta ɗauke" ka ɗauke motarka ka bar garejin, matarka ko yaronka ne ke zama a kujerar nan.

Sikanar ma akwai jabu. Ka je da motarka, a jona a gabanka, ka ga ta shiga SRS ta karanto kod kafin ka tura kuɗi.