Ƙululu a goshi: buguwa ce ko maruru?

Ƙululu mai zafi a goshi galibi ɗayan biyu ne: ko an bugu, ko maruru ke tasowa. Maganinsu kuwa hannun riga ne, don ɗaya sanyi yake so, ɗayan ɗumi.

Na buguwa ba ya ɓuya. Yaro ya ci karo da ƙyauren ɗaki, kafin ya gama kuka goshi ya taso kamar ƙwai. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe, ga ƙashi dab da fata, sai jinin ya rasa wurin zuwa ya turo waje. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma, a ɗora na minti 15 zuwa 20. Murzawar nan da iyaye mata ke yi da tafin hannu, ni dai ban ga abin da take ƙarawa ba sai kuka. In amai ya biyo baya, ko suma, ko magagi, sai asibiti ba jira.

Shi maruru sannu yake zuwa. Ƙwayar cuta ce, yawanci Staphylococcus aureus, ke shiga ramin gashi. Ya fara kamar ƙurji, bayan 'yan kwanaki ya yi tauri yana zogi, har sujada ta gagara, sannan ya yi baki da mugunya. Tsumma mai ɗumi, sau uku ko huɗu a rana, shi ke nunar da shi. Kada a matsa na fuska, cutar na iya bazuwa. In da zazzaɓi, ko mutum yana da ciwon suga, a nuna wa likita da wuri.