Haɗaɗɗiyar kwamfuta mai araha da na saya a Jidda

Jama'a wata shida ke nan da na sayi irin haɗaɗɗiyar kwamfutar tebur ɗin nan mai araha a wani shago nan Jidda, gaskiya tana aiki amma ranar da na kwance murfin na ga ciki raina ya ɓaci. Furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600G suka sa, wannan kam ba laifi, amma RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) sanda ɗaya tal 8GB, alhali ita wannan furosesa ɓangaren sarrafa hoton da ke cikinta ma daga RAM yake ci, sai da sanda biyu take sakin jiki. Akwatin wutar kuwa ko suna babu, fanka ɗaya, ga zafin Jidda ga ƙura, da azahar in AC a kashe sai ta riƙa gurnani kamar injin markaɗe.

Ƙanena shi ya bi shagunan titin Khalid bin Walid ya tsinto kayansa ɗaiɗai ya ɗaura da hannunsa, kuɗinmu kusan ɗaya har da harajin VAT ɗin 15% amma tasa ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Abin da na yaba kawai garanti, in ta samu matsala wuri ɗaya zan kai. Na dai ƙaro sanda ta biyu, yanzu ta ɗan dawo hayyacinta.