Gargaɗi ga masu sayen nimf a intanet, kar a cuce ku yadda aka cuce ni

Salam 'yan uwa, musamman mu da muke zaune nan Birtaniya muke ɗan taɓa kamun kifin turawut a kogi. Akwai wani mutum da yake tallar nimf a Facebook, yana cewa da hannunsa yake ɗaurawa kuma dukkansu kansu na tangistin ne, wani ƙarfe mai nauyi sosai, dan Allah ku yi hattara da shi.

Ga wanda bai sani ba, nimf ƙugiya ce da ake naɗe ta da gashin tsuntsu da siririyar waya ta fito kamar tsutsar ƙwarin nan da suke rayuwa a ƙarƙashin duwatsun kogi, su ne yawancin abincin turawut. Irin wadda Frank Sawyer, wani Bature mai kula da kogi, ya ƙirƙiro a kogin Avon na Ingila ma gashin jelar tsuntsun fezan ne kawai da wayar jan ƙarfe, wayar ce ke ba ta nauyi. Yanzu kuma ɗan ƙwallon ƙarfe ake sa mata a ka, kuma duk sirrin a nauyin yake, don in ruwa na gudu da ƙarfi kuma nimf ɗinka bata nutse ta kai ƙasa ba to kifin ko kallonta ba zai yi ba. Shi yasa ake biyan tangistin da tsada, nauyinsa ya ninka na tagulla fiye da sau biyu, ya ma fi dalma nauyi nesa ba kusa ba.

To ni dai na ga guda 60 a fam 30, arha ta ja ni. Yace in tura ta PayPal amma ta ɓangaren 'yan uwa da abokai wai don kar a cire masa caji, na tura. Ashe ta wannan ɓangaren ba ka da kariyar mai saye, in aka cinye kuɗinka shikenan.

Kaya suka iso, a ido gwanin kyau wallahi. Sati biyu bayan an buɗe kakar turawut, wadda ake buɗewa 15 ga Maris a nan Sikotlan, na hau jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa saman kogin Kilayid, na biya kuɗin izini, na tsaya cikin ruwan sanyi tun safe har la'asar ina jefawa, nimf sai wucewa take a tsakiyar ruwa ko sau ɗaya ban ji ta taɓa dutse ba. Wani dattijo Bature da ke kamu kusa da ni ya karɓi ɗaya ya jinjina a tafin hannunsa, ya ciro wuƙa ya kankare kan, sai ga ruwan ɗorawa ya fito. Tagulla ce aka shafa wa baƙin fenti. Kifi ɗaya da Allah ya ba ni da yamma kuma ƙugiyar ta miƙe ya tafi abinsa, abin ya min ciwo sosai.

Da na dawo gida na cika bokiti na saki nimf ɗinsa ɗaya da wata ta tangistin na gaske mai kai milimita 3 lokaci ɗaya, ta gasken ta riga ta kai ƙasa da tazara. Wasu ma zaren ya fara warwarewa tun a bokitin don ko gam bai sa ba. Na tura masa bidiyon cikin mutunci nace ya dawo min da kuɗina, ya karanta, ya yi bulok ɗina.

In zaku saya wajen wanda baku sani ba ku fara da guda biyar, ku kankare ɗaya, ku gwada a bokiti, ku saƙala ƙugiyar a katako ku ja ku gani ko zata miƙe, kuma ku biya ta ɓangaren sayen kaya ko da yace zai ƙara muku rangwame. Jiya wani abokina ya nuna min hotunan nan dai, akwatin nan shuɗi, a wani sabon shafi da wani suna daban, har yanzu guda 60 a fam 30.